Cikin Da Aka Ce Ya Kwanta

Hantsi ya fara ɗagawa. Ruwan da aka yi da asuba ya ɗauke, ya bar garin Gusau da laka da wani irin zafi mai ɗanko, lokacin da Hajara ta tsaya a tsakiyar matakalar asibiti ta dafa gwiwa tana haki. Matakalar ba wata mai tsawo ba ce. Mijinta Lawali ya miƙa hannu kamar zai kama ta, sai ya tuna da idon jama'a, ya mayar da hannun cikin aljihu.

"Kama ta mana, angona," in ji Kaka Tambaya, kakar Hajara, wadda ta riga su hayewa duk da tsufanta. "Ko ni kake jin kunya? Kunyar ba ta hana ka yin aikin da ya kawo mu nan ba."

Lawali ya yi murmushin dole, ya riƙe gefen mayafin matarsa har ta ƙarasa hawa.

Shi manomi ne a Karakkai, ƙasar Bunguɗu. Gero da dawa yake yi, da ɗan abin da ya samu na auduga. Hajara kuwa 'yar Tsafe ce. Sun shekara bakwai da aure ba ta taɓa ko ɓari ba, har mutane sun gaji da yi musu addu'a a fili, sun koma yi a zuci. Sai bara da damina Hajara ta fara cika. Kumatu suka fito, wuya ya yi kauri, rigunanta suka ƙi shiga. Inna, mahaifiyar Lawali, ita ta lura cewa yarinyar ta daina fashin sallah. Ta kira ɗanta ɗaki ta ce masa ya gode wa Allah. Kafin mako ya zagayo duk unguwa ta ji.

Ita Hajara ba wanda ya zauna da ita a kan maganar. Cikin fari ai ba a maganarsa da mai shi. In wata ta tsokane ta a bakin rijiya, sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta bar wurin, mata su yi dariya su ce kai, yarinyar nan akwai kunya, an yi mata tarbiyya.

Da Inna ta ƙirga wata bakwai aka kai ta Tsafe goyon ciki, gidan iyayenta. Lawali ya sayi ɗan rago ya ɗaure. Wata na tara ya zo ya wuce, na goma ya bi bayansa. Ungozoma ta zo ta shafa ta ce cikin kwanciya ya yi, ba wani abin tsoro ba ne, ta san wadda nata ya kwanta shekara uku ya tashi ta haifi namiji. Aka shiga jiƙe-jiƙe da rubutu don a tashe shi. Ga shi wata daminar ta sake zagayowa. Abin da ya ta da hankalin Lawali shi ne saƙon da aka aiko masa cewa Hajara ta tsuguna a bakin murhu ta kasa miƙewa, sai da mutum biyu suka ɗaga ta. Ya bar gonarsa a tsakiyar noman farko ya tafi Tsafe ya kwana. Tun da sassafe shi da Hajara da kakarta suke tasha suna neman motar Gusau, don motoci rabinsu suna kan layin mai.

Tun da aka ba Zamfara jiha asibitin ya ƙara cika. Sun daɗe a kan benci kafin wata nas mai suna Lantana ta kira su. Ta sa Hajara ta cire takalmi ta hau sikeli.

"Buhun gero ce?" in ji Kaka Tambaya. "In kun auna ku gaya mini farashi."

"Iya, ba ta sayarwa ba ce," in ji nas ɗin tana dariya. Ta dubi allurar sikelin, ta dubi Hajara. "Bara war haka nawa ne nauyinki?"

Ba wanda ya sani. Hajara ba ta taɓa hawa sikeli ba sai yau.

Nas ta ɗaura mata abin awon jini a dantse ta matsa. Ta saki, ta sake matsawa. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ba ta 'yar kwalba ta nuna mata bayan gida, sannan ta ce mutum ɗaya ne zai shiga wurin likita da ita.

"Tahi kai," in ji Kaka Tambaya, ta gyara zama ta kwance bakin zane ta ciro goro. "Ka ce mishi ya ba da abin da za ya tashe shi. Ragon ga naka ya kusa yin jikoki."

Likita Mas'udu siririn mutum ne mai furfura a gefen kai. Babu wuta, fankar da ke sama tana tsaye cik, ya buɗe taga yana fifita da wani kwali. Ya amsa sallama, ya nuna musu kujeru. Kafin ya ce komai sai da ya ɗan jima yana kallon Hajara, tun daga fuska har ƙafa, ita kuwa idonta yana ƙasa.

"Me ya kawo ku?"

"Ciki ne, Likita," in ji Lawali. "Ya wuce lokaci nai. An ce kwanciya ya yi."

"Wa ya auna ya ce ciki ne?"

"Inna ta gani. Ungozoma ma ta gani."

Likita ya gyaɗa kai, bai musa ba. Ya ce za su zo kan wannan, amma tukuna yana so ya san ƙibar. Yaushe ta fara? Da wuri ta zo ko a hankali? Cin abincinta ya ƙaru? Duk tambayar da ya yi Lawali ne ke amsawa, har likitan ya ɗaga hannu.

"Malam Lawali, kai da kake Karakkai, ita tana Tsafe. Bar ta ta amsa da bakinta. Hajara, me kike ci?"

Muryarta ta fito kamar daga cikin tulu. "Tuwo. Hura da rana."

"Kamar da, ko ya fi da?"

"Bai kai da ba. Ruwa nika sha da yawa."

"A gidanku akwai masu jiki? Mahaifiyarki, 'yan'uwanki?"

"Kakarta na nan waje," in ji Lawali. "Siririya, awa kara take. Duk haka suke."

Likita ya tashi ya zagayo. Ya ce ta ɗan ɗaga zane zuwa ƙwauri, ya danna babban yatsansa a kan ƙashin, ya riƙe, ya cire. Wurin bai lotsa ba. Ya ce da ruwa ne ya taru, irin na ciwon ƙoda ko zuciya, da yatsan ya bar rami. Ya sa ta haɗiye yawu yana taɓa gaban wuyanta, ya ce bai ji maƙoƙo ba. Ya tambaye ta ko tana yawan jin sanyi, ta ce a'a. Ya duba bayan wuyanta inda wani tudu ya taso kamar tozon sa. Sannan ya kama hannunta ya ɗaga, awarwaron da ke wuyan hannun ya zame ya gangara har gwiwar hannu.

"Da can haka yake zamewa?"

Ta girgiza kai.

Lawali ya zuba wa hannun ido. Wata da watanni yana jin mutane na cewa matarsa ta yi kyau, ta yi bul-bul, ciki ya karɓe ta. Bai taɓa lura cewa hannuwanta da ƙafafunta ramewa suke yi ba.

"Ƙibar abinci ko'ina take zuwa," in ji likita. "Wannan ta zaɓi wuri. Fuska, bayan wuya, ciki. Yanzu ina so ki gaya mini gaskiya, ba faɗa zan yi ba. Kin taɓa shan 'yan ƙananan ƙwayoyin nan da masu tallan magani ke sayarwa ranar kasuwa? Waɗanda mata ke sha don su yi jiki, ko don ciwon gaɓoɓi?"

"Sha-ka-fashe," in ji nas Lantana daga bakin ƙofa, ta shigo da sakamakon fitsari.

"Ban taɓa ba."

"Man shafawa fa, na ƙara haske?"

"Man kaɗanya ne kawai."

"Allura?"

"A'a."

Likita ya yi ajiyar zuciya. Lawali ya ga kamar mutumin ya so a ce ta sha ɗin.

Nas ta ja labule, ta shiga da Hajara ta kwantar da ita a kan gado, likita ya bi su. Lawali ya zauna shi kaɗai yana kallon wani ƙadangare a bakin taga. Yana jiyo muryar likita ƙasa-ƙasa, yana cewa ta saki jiki, ta ja numfashi. Ya ji yana tambayar nas ko ta ga waɗannan zane-zanen masu faɗi a gefen ciki. Ya ji ya ce a miƙo masa ƙahon saurare. Daga nan shiru ya yi tsawo. A cikin shirun Lawali ya karanta duk addu'ar da ya iya.

Da suka fito likita ya wanke hannu a kwano, ya goge, ya zauna. Ya jira har Hajara ta gyara mayafinta.

"Malam Lawali, na duba da hannuna, na saurara, an kuma auna fitsari. Babu ciki."

"Kwanciya ya yi, Likita."

"Na san ana faɗin haka, ba yau na fara ji ba. Amma ko mai barci yana da jiki, hannu zai same shi. Mahaifarta ƙarama ce, babu kowa a ciki. Abin da ya sa ta ƙiba, shi ne ya tsayar mata da al'ada."

"Inna ta ce ta ga shina motsi. Da idonta, ta bisa zane."

Likita ya juya kujerarsa wajen Hajara.

"Ke fa? Ke kin taɓa jin motsi?"

Hajara ta kama bakin mayafi tana murzawa. A waje wani yaro yana kuka, ana lallashinsa. Lawali ya juyo gaba ɗaya yana kallonta, abin da bai saba yi a gaban mutane ba. Can ta girgiza kai a hankali.

"Ko sau ɗaya?" in ji likita.

Ta sake girgizawa.

Lawali ya ji kamar kujerar da yake kai ta yi nisa da ƙasa. Ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar.

"To mi ne ne, Likita?"

"Ban sani ba tukuna. Abin da ba shi ba ne na iya gaya maka. Ba abinci ba ne, ba ruwa ba ne, ba ciki ba ne, in kuma maganarta gaskiya ce, ba ƙwaya ba ce. Jininta ya hau sosai, akwai suga a fitsarinta. Ina da zato. Akwai wasu 'yan abubuwa a saman ƙoda, da wani ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa a cikin kai, su ke ba jiki umarni. In ɗayansu ya rikice yakan kawo irin wannan. Amma zato ne. Awon jinin da zai nuna, da hoton da za a ɗauka, ba mu da su a nan. Sai Zariya."

Lawali bai taɓa wuce Funtuwa ba.

"In munka tahi za ta warke?"

"Sai an san ko mene ne."

"Za ta haihu?"

Likita ya ajiye kwalin da yake fifita da shi. "Malam Lawali, in na ce maka eh na yi ƙarya, in na ce a'a na yi ƙarya. Zan ba ta maganin hawan jini ta fara yau. A daina jiƙe-jiƙen nan, a rage gishiri da kanwa. Kada ku bari sai an gama damina."

Ya rubuta musu takardar Zariya, nas ta riga ta leƙa tana kiran na gaba.

Ɗakin magani yana can bayan ginin. Bayan sun karɓa, Hajara ta ce ƙafafunta sun gaji, suka zauna a kan wani kututture a gindin darbejiya. Daga inda suke ana hango Kaka Tambaya a kan benci, ta samu wata tsohuwa suna ta hira.

"Tun yaushe kinka sani?" in ji Lawali.

"Ban sani ba. Ji ne ban yi ba."

"Don mi ba ki gaya mini ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

Ba da faɗa ta faɗe shi ba.

"Ran da Inna ta faɗa," in ji ta, "in ce mata mi? In buɗe baki gaban uwar miji in yi maganar cikin fari? A gida ma, in na fara sai a yi dariya a ce ji marar kunya, tun bai zo ba. Kai kuma in ka zo Tsafe, zaure kake tsayawa. Ka aiko da tsire ka koma."

"Haka anka saba."

"Na sani." Ta share fuska da bakin mayafi. "Kuma ni ma na so. Na ce ƙila ni ce ban san yadda ake ji ba, tunda ban taɓa yi ba. In kowa ya fita sai in ɗora hannu in yi ta jira."

Lawali mutum ne da in abu ya lalace a gona ya san inda zai sa fartanya. Ya dubi takardar da ke hannunsa, rubutun boko ne da ba ya iya karantawa, ya ninke ya sa a aljihu.

Kaka Tambaya ta hango su, ta taso tana kakkaɓe zane.

"To, angona? Mi ya ce? Yaushe mai barcin za ya tashi?"

"Ya ce a tahi Zariya," in ji Lawali.

"Zariya? Don ciki ya kwanta? Ni da idona na ga—"

"Babu kowa, Kaka," in ji Hajara.

Tsohuwar ta tsaya. Ta dubi jikarta, ta dubi Lawali, ta ga ba wanda ya ɗago kai. Goron da ke bakinta ta juya ta tofar. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta ce likitan ƙarya yake ba. Ta matso ta ɗora tafin hannunta a kan cikin Hajara, ta bar shi nan ɗan lokaci, sannan ta janye ta gyara mata mayafi a kafaɗa.

"Ku tashi," in ji ta. "Hadari na haɗowa."

A tasha motar Tsafe tana gefe guda, ta Bunguɗu tana ɗaya gefen, 'yan kamasho suna ta kira. Suka tsaya a tsakiya su uku. In Hajara ta koma Tsafe, goyon ciki ya ci gaba ke nan, ana iya yin shiru a ce likita ya ce a ƙara haƙuri. In ta bi mijinta, to duk wanda ya gan ta ta sauka a Karakkai ba goyo a baya ya san labari.

"In kuna so," in ji Kaka Tambaya a hankali, "ni ban ji komi ba. Ta zauna wurinmu har kaka ta yi."

"Likita ya ce kada a jira," in ji Lawali. "Gida za mu. Ni zan kai ta Zariya."

"An ce ka tara itacen wankan jego," in ji Hajara, ba ta dube shi ba. "An ce har ya kai tsawon katanga."

"Itace ne. A yi tuwo da shi."

"Inna fa?"

"Ni zan gaya mata."

Bai san yadda zai gaya mata ba. Bai san ranar da za su tafi Zariyar ba, ko wanda zai riƙe masa gona, ko abin da za a ce musu in sun je. Ya dai raka tsohuwar har motarta, ya ga ta zauna. Ta leƙo ta taga kamar za ta tsokane shi yadda ta saba, sai kawai ta ce ya gaida gida.

Motar Bunguɗu tsohuwar bas ce, ta kusa cika, saura can baya inda aka jibga buhunan taki. Hajara ta kama ƙofa ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi kai wa. Ta sake gwadawa. An fara yayyafi.

Wani dogon mutum mai jar hula da ke zaune a gaba kusa da direba ya leƙo ya gan ta. Ya buɗe ƙofa ya sauko da 'yar jakarsa.

"Haba, direba, mai tsohon ciki za ku tura baya a hanyar ga? Zo nan, baiwar Allah. Allah shi raba lafiya."

Hajara ta tsaya riƙe da ƙofa. Lawali ya matso kusa da ita. Ya kama hannunta a gaban kowa ya zagaya da ita, ya ɗaga ta har ta zauna, ya rufe ƙofar. Mutumin bai jira komai ba, ya riga ya kutsa baya ya haye kan buhun taki, ya ɗora jakarsa a cinya yana tambayar na kusa da shi ko an samu ruwa a wajensu.